Aldabra: Tsibirin Manyan Kunkuraye

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau tekun Indiya muka nufa, tsibirin Aldabra na ƙasar Seshel. Malam Bashir, wai ina ne wurin nan yake?

Bashir: Can ƙuryar teku, Hajiya. Daga Mahe, inda babban birnin ƙasar yake, ya fi kilomita 1,000. Madagaska ma ta fi kusa da shi. Duwatsun murjani ne suka yi zobe, manyan tsibirai huɗu, da ruwa kwance a tsakiya. In teku ya janye, sai tsakiyar ta kusa ƙafewa.

Hadiza: To mazauna fa?

Bashir: Kunkuraye! Wajen 100,000, ƙattai, wani ya fi kilo 200. Rana na take sai ka gan su sun cunkushe a inuwar 'yan bishiyoyi, wani kan wani, don zafin wurin yana iya kashe su. Akwai kuma wani tsuntsu mai farin maƙogwaro da ya daina tashi sam, tunda ba abin da ke farautarsa. Mutane kuwa 'yan ƙalilan ne, masu bincike da masu gadi a tsibirin Picard.

Usman: Yaya Hadiza, ni abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda wurin ya tsira. A shekarun 1960 Birtaniya ta so kafa sansanin jiragen yaƙi a can. Masana kimiyya suka tashi haiƙan, ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, Royal Society, ta sa baki, ga kuma matsin tattalin arziki, aka janye a 1967.

Hadiza: Ai abin a yaba ne. Har UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1982.

Usman: Ƙwarai kuwa. Amma a tekun nan dai, a Diego Garcia, ɗaya daga cikin tsibiran Chagos, an gina wa Amurka sansani. Tsakanin 1968 da 1973 aka kwashe mutanen tsibiran Chagos kaf, aka jibge su a Morishiyos da Seshel. Har karnukansu aka kashe kafin a loda su a jirgin ruwa. Wallahi wannan yana ci min rai, kunkuru ya samu masu tsaya masa, su ba su samu ba.

Bashir: Gaskiyarka, Usman. Shi ma Aldabra ba a bar shi ya huta ba. A 2019 masu aikin sa-kai sun kwashe shara tan 25 a gaɓarsa, igiyoyin masunta da robobi, silifas kaɗai dubbai, duk igiyar ruwa ce ta kawo su. A yashin nan ne kunkuruwar ruwa ke haƙa rami ta saka ƙwai.

Hadiza: Usman, mako mai zuwa zancen mutanen Chagos za mu ɗauko daga tushe, har da shari'o'in da suka kai kotu. Ka shirya.

Usman: In sha Allahu, Yaya.