Gwal ne ko tagulla? Yadda ake gane ƙarfen da na'ura ta tono

Salamu alaikum jama'ar Legas, na Agege, na Idi-Araba, na Alaba Rago, da duk inda kuke kallonmu.

Wannan zoben da kuke gani, a rairayin bakin teku wajen Lekki na'urar neman ƙarfe ta yi kuka a kansa. Ga shi rawaya, yana ƙyalli, wanda ya tono shi har ya fara lissafin kuɗin gwal. To malam, a bi a hankali. Na'urar neman ƙarfe ba ta san sunan ƙarfe ba. Abin da take aunawa shi ne yadda abu ke ɗaukar lantarki da kuma girmansa. Shi ya sa hancin gwangwanin lemo da zoben gwal sukan ba ta kusan lamba ɗaya.

Fara da mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifika ya wadatar. 'Yan gwangwan na kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Owode Onirin ba sa rabuwa da shi. In abu ya manne, baƙin ƙarfe ne ko danginsa, an gama magana. Gwal, azurfa, jan ƙarfe, tagulla, dalma da alminiyam duk ba ruwansu da shi. Zobenmu bai manne ba, amma wannan bai mai da shi gwal ba.

Sai ka dubi irin tsufan da ya yi, don kowane ƙarfe da kalar tsatsarsa. Baƙin ƙarfe ja yake yi yana ɓarewa. Jan ƙarfe da tagulla kore suke yi, musamman a ruwan gishiri irin namu. Azurfa baƙi take yi. Dalma takan yi fari-fari, ga taushi, farce ma yana karce ta, in ka goga ta a takarda ta bar zane kamar fensir. Gwal kuwa ko shekara ɗari ya yi a ƙasa, kana wankewa zai fito yadda yake. Ku dubi cikin zoben nan: kun ga ɗan koren can? Jikina ya fara sanyi.

A cikin zobe ne kuma ake buga lamba. 925 azurfa ce, 750 gwal mai karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22. In ka ga GP, ruwan gwal kawai aka shafa. Sai dai kowa na iya buga lamba, don haka ni nauyi na fi yarda da shi.

Ga yadda ake yi. Ka samu ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal. Auna zoben: giram 6. Yanzu ɗora kofin ruwa, ka mayar da sikelin sifili. Ɗaura zoben da zare, ka saukar da shi ya nutse duka, amma kada ya taɓa gindin kofin ko gefensa. Nan mutane ke kuskure, yana taɓawa lissafi ya ɓaci. Sikeli ya nuna 0.7. Raba 6 da 0.7, ka samu kusan 8.6. Alminiyam 2.7 yake bayarwa, baƙin ƙarfe 7.9, tagulla wajen 8.5, jan ƙarfe kusan 9, azurfa 10.5, dalma 11.3, tsantsar gwal 19.3. Ko mai karat 18 yana kai wajen 15. Ina 8.6, ina 15?

In tsohon kuɗi ka tono kuwa, don Allah kada ka sa masa magagari ko ruwan batir. Shekarar da ke jikinsa ta isa ta gaya maka ƙarfensa. Sulen Turawa na 1913 azurfa ne, daga 1920 aka koma bugawa da tagulla. Kwabo mai huji farin ƙarfe ne, haɗin jan ƙarfe da nikel, sai a 1952 ya koma ja. Aninin 1907 kuwa na alminiyam ne, kuma yana cikin kuɗaɗen alminiyam na farko da aka kashe a duniya. Ka kankare irin wannan, ka kankare darajarsa.

Abu ɗaya ne ba a gwadawa sam. Waɗanda suka ga fashewar ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu 2002 sun san bama-bamai sun watsu cikin unguwanni. In ka tono wani dogon ƙarfe mai tsini, mai nauyi, kada ka buga shi, kada ka ɗauka. Ja da baya ka kira jami'an tsaro.

Zobenmu dai tagulla ne. Mun kai wa maƙerin gwal ya goga shi a dutsen gwaji, ya ɗiga ruwan gwajin gwal, zanen ya ɓace nan take. Ya miƙo mana abinmu yana dariya.