Agirikola, Gwamnan da Ya Kai Sojan Rum Arewacin Birtaniya

A Inchtuthil, wani tsohon sansanin sojan Rum a ƙasar Sikotland, an haƙo ƙusoshi sama da dubu 800, duk a rami guda. Sojojin Rum ne suka binne su da za su tashi, don kada ƙarfen ya faɗa hannun abokan gaba. Wanda ya kai Rumawa har can shi ne Agirikola.

An haife shi a shekara ta 40 Miladiyya a kudancin Faransa ta yau. Yana jinjiri Sarkin Rum Kaligula ya sa aka kashe mahaifinsa. Yana saurayi aka tura shi Birtaniya ƙaramin hafsa, kuma yana can lokacin da Budika, sarauniyar wata ƙabilar Birtaniya, ta yi bore ta ƙone Landan. Daga nan ya bi matakalar muƙamai: ma'aji a lardin Asiya (yammacin Turkiyya ta yau), kwamandan runduna ta 20, gwamnan Akitaniya (kudu maso yammacin Faransa ta yau), sannan konsul, wato ɗaya daga cikin manyan muƙaman mulki a Rum. Wajajen shekara ta 77 aka ba shi Birtaniya baki ɗaya.

Bai ko huta gajiya ba ya nufi tsibirin Mona (Anglesey ta yau, a Wales) da yaƙi. Ba shi da jiragen ruwa. Mutanen tsibirin sun zuba ido suna jiran jirage, sai ga zaɓaɓɓun sojoji sun yo ninƙaya da dawakansu da makamansu. Nan take mutanen tsibirin suka miƙa wuya.

Amma abin da ya fi burge ni ba a fagen daga yake ba, a bakin rumbu yake. Jami'an haraji kan sa talaka ya zauna gaban rumbun gwamnati a kulle, ya sayi hatsi da tsada don ya biya harajin hatsi, ko a ce ya kai nasa wani wuri mai nisa sai in ya ba da toshiyar baki. Agirikola ya hana wannan, domin ya ga irin wutar da zalunci ya hura a zamanin Budika.

A shekara ta 83 ko 84 ya gwabza da Kaledoniyawa, wato mutanen arewacin Sikotland, a wani tsauni da ake kira Mons Graupius. Tasitus, mijin 'yarsa, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce an kashe musu mutum 10,000, Rumawa kuwa 360. Lissafin suruki ne, a karɓe shi da taka-tsantsan.

Sai Sarki Domishiyan ya kira shi gida. Da dare ya shiga Rum, babu tarya, bai kuma sake riƙe wani muƙami ba har ya rasu a shekara ta 93. Kafin rasuwarsa ma an riga an kwashe sojoji zuwa bakin kogin Danub, an rushe sansanin Inchtuthil tun ba a gama gininsa ba, an zuba ƙusoshin a rami an rufe da ƙasa.