Wa Kuka Ƙirga? Lacca Ga Ɗaliban Aikin Jinya Kafin Su Shiga Unguwa

(An gabatar da wannan lacca ga ɗaliban aikin jinya a Jos, ana gab da tura su unguwanni aikin tattara bayanan lafiyar jama'a. An rubuto ta daga rikodin, yadda Malama ta yi maganarta.)

Assalamu alaikum, barkanmu da safiya, ya sanyi? Na baya kuna ji na? To madalla. Ɗan nan na bakin taga, tura ta kaɗan, iskar Jos ba ta san ana lacca ba. [dariya]

'Ya'yana, na ga fuskokinku. An miƙa muku takardar tambayoyi mai shafuka, an ce iyali kusan ɗari huɗu, an ce rahoto, ga jarrabawa tana tafe. Aikin yana da nauyi, gaskiya ne, amma yawancin wahalar da ɗalibai ke sha a makon ƙarshe, tun a ranar farko suke shuka ta. Abu biyar zan faɗa, ku rubuta.

Na farko, shiga unguwa. Wasiƙar makaranta ta fara zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, daga nan ga mai kula da cibiyar lafiya matakin farko ta wurin. Shi zai kai ku gaban mai unguwa da kwamitin mazaɓa. A roƙi liman ya sanar ranar Juma'a, fasto ya sanar ranar Lahadi. Kada ku yi yawo ba ɗan jagora ɗan unguwar, kun san garin nan, baƙuwar fuska da takarda a hannu tana tayar wa mutane hankali. Kowace tawaga ta kasance da mace, domin gidan da aka rubuta “Ba shiga” a ƙofa, namiji zaure zai tsaya. Ku nemi yardar mutum kafin tambaya ta farko, lamba za ku ba shi a takarda ba suna ba, akwai ma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Kuma kada ku yi alkawarin gidan sauro ko magani, tunda ba ku da su. Wannan ya wuce.

Na biyu, kuma nan zan daɗe, ku gyara zama. Duk alƙaluman da za ku kawo rabawa ce: lamba a sama, lamba a ƙasa. Yara nawa aka yi wa rigakafi, wannan ta sama. Cikin yara nawa? Wannan ta ƙasa. Ɗalibai suna kashe ƙarfinsu kan ta sama, su bar ta ƙasa ta zo yadda ta ga dama. Alhali idan ta ƙasa ta karkace, rahoton duka ya karkace, komai kyan zanen da kwamfuta ta fitar muku.

Mu fara da iyali. Za ku shiga gida ɗaya a Anguwan Rogo ko Gangare ku tarar da maigida da matansa, ga ɗansa da ya yi aure a sashensa, ga 'yan haya uku a ɗakunan waje. Ƙofa ɗaya ce, amma iyali biyar ne. Ma'aunin shi ne tukunya: waɗanda ke kwana wuri ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya, su ne iyali guda. Matan da ke karɓar girki bi da bi tukunyarsu ɗaya, iyali ɗaya ke nan. Idan rabin ajinku suna ƙirga ƙofa, rabi suna ƙirga tukunya, ranar da kuka haɗa takardu ba za su haɗu ba. Ku zauna yau, kafin gobe, ku rubuta ma'aunin a saman kowace takarda. Baƙon da ya zo biki fa? Almajirin da ke cin abinci a gidan amma yana kwana a makaranta fa? Ku yanke hukunci ɗaya, kowa ya bi.

Sai yawan waɗanda za ku tambaya. Wannan 384 da kuke gani a kowane rahoto ba daga sama ta faɗo ba: 1.96 sau 1.96, sau 0.5, sau 0.5, a raba da sakamakon 0.05 sau 0.05. 1.96 ɗin na tabbacin kashi 95 cikin ɗari ne, 0.5 ɗauka ce cewa rabin mutane suna da abin da ake nema, 0.05 kuma kuskuren kashi 5 da aka yarda da shi. A ƙara kashi goma cikin ɗari saboda waɗanda ba za su amsa ba, ta kai wajen 422. Idan mutanen wurin ba su kai 10,000 ba, akwai gyaran da ake yi ta ragu. Amma yadda aka zaɓo su ya fi yawansu muhimmanci. Mu ɗauka kun zagaya da alli kun sa wa iyali 1,200 lamba, kuna son 400. Ku raba, uku ke nan. Ku jefa ƙuri'a tsakanin ɗaya da uku, inda ta faɗa nan za ku fara, daga nan kowane na uku. Na uku, ba wanda ya fi kusa da titi ba, ba wanda aka shimfiɗa muku tabarma aka kawo kunu ba. [dariya] Idan kun tarar ba kowa, ku rubuta, ku dawo da yamma, ku sake dawowa, sau uku. Me ya sa? Matar da ba ta gida ƙarfe goma na safe tana kasuwar Farin Gada ne ko tana gona, kuma ita ce wataƙila ba ta samu sukunin kai ɗanta rigakafi ba. Kun tsallake ta, kun tsallake ainihin wadda kuka fito nema.

Yanzu shekaru. Allah Ya sa kuna ji na, domin shekarun yaro su ne zuciyar aikin nan. Awon damtse, wanda ake yi da tef mai launi don gano tamowa, na 'yan wata 6 zuwa 59 ne. Lissafin rigakafi kuwa a kan 'yan wata 12 zuwa 23 ake yin sa, saboda su ne ya kamata a ce sun kammala alluran shekarar farko. Wata, ba shekara ba. Kika tambayi uwa, ta ce “shekararsa biyu”. Wannan biyun tana iya zama wata ashirin, tana iya zama wata talatin. Ɗaya yana cikin lambarki ta ƙasa, ɗaya yana waje. Kin gani? Amsa ɗaya, ta sauya miki lissafi.

To yaya za a yi? Kati tukuna. Katin rigakafi, takardar haihuwa, katin awon ciki, duk wanda ke ɗauke da kwanan wata. Idan babu, sai kalandar abubuwan da suka faru, wadda ku za ku haɗa da mutanen unguwa kafin ku fara: azumi, ƙaramar Sallah, babbar Sallah, Mauludi, Kirsimeti, Ista, faɗuwar damina, marka, kaka, hunturu, ranar zaɓe. “An yi sunansa kafin layya ko bayanta? Ana ruwa a lokacin?” Har sunan yaro yana taimakawa, wadda ake kira Azumi ko Marka ta riga ta ba ki rabin amsa. Amma ku kula, watannin Musulunci suna matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka Sallar bara da ta shekara huɗu baya ba rana ɗaya suka faɗo ba a kalandar boko. Ku rubuta ranar kowace Sallah ta shekaru biyar ɗin nan daban-daban. Na manya ma haka, ku duba takardunku da yamma. Idan kowa 25 ne, 30, 35, 40, babu mai 27, babu mai 33, to ba shekaru kuka tattaro ba, kintace ne.

Ban gama da lambar ƙasa ba. Za ku je asibitin unguwa ku kwafi rajista. A tsarin da ake aiki da shi a ƙasar nan, ana ɗaukar 'yan ƙasa da shekara ɗaya kashi 4 cikin ɗari na jama'a, 'yan ƙasa da shekara biyar kashi 20, masu juna biyu kashi 5, matan da ke shekarun haihuwa kashi 22. Misali unguwa mai mutum 10,000, jarirai 400 ke nan a shekara. A ce 360 sun karɓi Penta, allurar rigakafin cututtuka biyar da ake yi a cinya, ta farko ta sati shida, 270 suka kai ta uku ta sati goma sha huɗu. 270 cikin 400, kashi 67.5. Waɗanda suka zube a hanya kuwa, 360 a cire 270, saura 90, a raba da 360, kashi 25. Da 360 za a raba, ba da 400 ba, saboda tambayar ita ce cikin waɗanda suka fara nawa suka daina. Duk abin da ya haura kashi 10 alama ce iyaye suna zuwa amma wani abu yana hana su komowa: zazzaɓin bayan allura da ba a yi musu bayaninsa ba, dogon layi, ko ba a faɗa musu ranar dawowa ba.

Wata rana lissafi zai ba ku kashi 130 cikin ɗari. Kada ku firgita, kada kuma ku goge ku rubuta 98. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya 2006 aka yi ta, duk yawan da za a ba ku hasashe ne daga waccan. Kuma a Jos, bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, mutane da yawa sun sauya unguwa, wata ta cika, wata ta rage. Ga kuma matan da ke tsallakowa daga wata mazaɓa saboda sun fi yarda da wannan asibitin. Ku rubuta 130 ɗin, ku bayyana dalili. Malamin da ya san aiki maki zai ƙara muku.

Abin da aka gani a kati da abin da uwa ta tuna, kowanne da layinsa, kada ku cakuɗa. Idan ba kati, ku duba tabon BCG, allurar rigakafin tarin fuka, a damtsen hagu, ku tambayi sau nawa aka yi allurar cinya. Gudawa da zazzaɓi kuwa, “a sati biyun da suka wuce” za ku ce. Kuka ce “yana yawan gudawa?” kowace uwa e za ta ce.

Na huɗu… na'am? Na uku ne? To na uku, taswira. Ku zana unguwar da hannu, ku sa rijiya, famfo, bohol, masai, bola, kwata, da kududdufan da haƙar kuza ta bari idan kuna wajen Bukuru ko Rayfield. A 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya sa alamar gidajen da kwalara ta kashe mutane a kan taswira, sai ga su sun taru kewaye da famfo ɗaya a titin Broad. Ku ma ku ɗiga gidajen masu gudawa, ku ga ko wata rijiya ce a tsakiyarsu.

Lokaci yana gudu, bari in haɗa shigar da bayanai da zaman tawaga. Ko manhajar cike fom ta KoboCollect kuke amfani da ita a waya ko takarda, a duba kowane fom kafin a bar unguwa, gurbin da aka manta a koma a cike yau. A shigar kowace yamma, kada a tara sai ƙarshe. Sifili daban, “ba ta sani ba” daban, “ba a tambaya ba” daban. Idan kun sa 99 a madadin babu amsa, ku gaya wa SPSS, manhajar lissafin bayanai, haka, in ba haka ba zai ɗauka akwai jariri ɗan wata 99 ya haɗa shi cikin matsakaici. Wani dabam ya sake duba fom ɗaya cikin goma. Ku ajiye kwafi wuri biyu. Ku raba aiki a rubuce, da suna da rana, domin na san tawagar mutum goma, biyu ke aiki, takwas suna addu'a. [dariya] Ku ci abinci kafin ku fita, ku ɗauki rigar sanyi da ruwa, fom ɗin da aka cike da yunwa ana gane shi. Kuma ina roƙonku, kada wanda ya zauna gindin bishiya ya cike da ka. Iyali 300 na gaskiya, da bayanin dalilin da ya sa ba a kai 400 ba, aiki ne cikakke. Na'am, 'yata, ga hannunki a sama tun ɗazu.

(Wata ɗaliba: Malama, idan muna awo muka ga tef ya nuna ja, mu rubuta mu wuce ne, tunda ba magani muka zo bayarwa ba?)

A'a, 'yata. Allah Ya yi miki albarka da wannan tambaya. Ajiye takardar. Da farko sake awon: hannun hagu, ki lanƙwasa shi ki nemo tsakiya tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu, ki sa alama, ki saki hannun ya sauka, tef ya kwanta a fata, ba matsewa, ba sako-sako. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya. Sannan ki danna bayan ƙafafunsa biyu da manyan yatsunki na daƙiƙa uku. Idan rami ya zauna a duka biyun, tamowa mai tsanani ce ko da tef ya nuna kore. Ki rubuta takardar turawa, ki kira mai kula da ku, ki yi wa uwar bayani a hankali ba tare da ɗora mata laifi ba, a sanar da maigida, a je asibiti ranar. Yaron da ya kasa shan nono ko cin abinci, ko yake amayar da komai, ko yake jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, wannan na kwanciya ne a babban asibiti, yanzu-yanzu. Bayan kwana biyu ki koma ki ga ko sun je.

Tunda kin buɗe ƙofar, ga ɗaya. Kika tarar da mai zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro kwana da kwanaki, ga ciwon maƙogwaro, ko jini ta hanci ko dasashi, musamman da rani, kada ki taɓa shi ko shimfiɗarsa da hannu tsirara. Yana iya zama zazzaɓin Lassa ne. A 1969 aka gano shi, bayan an kawo wata nas daga garin Lassa zuwa asibitin mishan a nan Jos ta rasu, nas ɗin da ta yi jinyarta ita ma ta rasu. A 1970 likita Jeanette Troup ta kamu a garin nan ta rasu. Masu aikinmu ne ya fara ɗauka. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, shi ake kira a take, haka ma idan an ga ƙyanda, ko amai da gudawa a gidaje da yawa, ko yaron da ƙafarsa ta shanye farat ɗaya. Gobe ku karɓi lambarsa a hannun mai kula da asibitin unguwa kafin ku shiga gida na farko, ku rubuta ta da biro a bayan fayil ɗinku, saboda cajin waya yana ƙarewa. Maganar rubuta rahoton kuma sai ranar Alhamis, ku zo da fom goman farko da kuka cike.