Amsoshin Tambayoyinku: Daga Ina Aka Samo Kalmar "Gunduma"?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko a yau ta fito ne daga wani malamin makaranta, yana tambaya: mece ce ma'anar "gunduma", kuma Hausa ce ko aro aka yi?

To Malam, Allah ya saka da alheri, ka yi tambaya mai daɗi. Gunduma Hausa ce tsantsa. In mahauci ya yanko maka ƙaton tsoka, sai ka ce ya gunduma maka nama, kuma daga nan ne muke cewa abu gundumeme. Ashe gunduma babban yanki ne da aka datsa daga ƙasa. Ka lura ma, shi kansa "yanki" daga "yanka" ya fito. Bahaushe dai kallon nama yake yi wa ƙasa in za a raba ta.

Yadda kalmar ta shiga harkar mulki kuwa, nan ne labarin yake. Kafin zuwan Turawa, hakimai a birni suke zaune kusa da sarki. Garuruwan da hakimi yake riƙe da su a warwatse suke, wannan a gabas, wancan a yamma, jakadu ne ke zuwa karɓo haraji. Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, zamanin da aka naɗa Sarki Abbas, sai suka ga tsarin bai yi musu ba wajen tara haraji. Suka haɗa garuruwan da ke maƙwabtaka wuri guda, suka ce kowane hakimi ya tattara ya koma can da zama. Wannan yankin da aka gunduma wa hakimi shi ne gunduma. Razdan na Kano, wato babban jami'in Turawa mai kula da lardin, da ya tsaya kan aikin, Dakta Cargill, har laƙabi Kanawa suka sa masa: Mai Gunduma.

Kada a haɗa ta da "lardi". Wannan daga Larabci ne, "al-ard", wato ƙasa, kamar yadda "al-khabar" ya zama labari. Lardi ya fi gunduma girma nesa ba kusa ba, a zamanin Turawa Razdan ne ke riƙe da shi.

Yau a Jamhuriyar Nijar, gunduma ita ce rabon da ke ƙarƙashin jiha, a Najeriya kuwa har gobe ƙasar hakimi ce.

Sai wasiƙa ta gaba.