Gidan Da Uwargida Ta Mayar Asibitin Sojoji

Jama'a assalamu alaikum, ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, yatsuna ma sun ƙandare. Kun hango ƙaton gidan can a bayana? Woburn Abbey ke nan, a Bedfordshire ta Ingila. Wallahi barewa na zo kallo, sai wani dattijo mai yawo da kare ya ba ni labarin da ya sa na manta da su.

Uwargidan nan, Mary, matar Duke na Bedford, da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 sai ta mayar da zauren koyon hawan doki asibitin sojoji. Ba kuɗi ta miƙa ta koma ɗaki ta kishingiɗa ba fa. Da kanta take shiga ɗakin tiyata, ita ke ɗaukar hoton ƙashi. Mace mai barori rututu, ga ta tsaye kan raunin ɗan talaka! Ni da allura ma sai na kau da kai. Kuma ba ta tsaya nan ba, ta haura sittin ta koyi tuƙa jirgin sama. A Maris ɗin 1937, tana da shekara 71, ta tashi ita kaɗai, har yau ba a ga gawarta ba.

A Yaƙin Duniya na Biyu kuma, lokacin da kakanninmu ke dajin Boma, 'yan matan sojan ruwa aka zuba a gidan. Bas ke kwasar su zuwa Bletchley Park, cibiyar sirri ta gano saƙonnin abokan gaba, wasu da tsakar dare, su yi ta fama da injin Colossus mai warware saƙonnin sirrin Jamus. An rantsar da su, shekara talatin ba wadda ta buɗe baki, ko ga mijinta. A unguwarmu? Kafin la'asar labari ya kai bakin famfo.

Ka ji an ce fada ka ɗauka daɗi suka sha. Ina! Sanyi suka yi ta kuka da shi, ni kuwa na yarda, don rigata uku yanzu haka amma haƙorana na haɗuwa. Hunturun Kano ashe gata ne, ga kunun gyaɗar Hajiya da safe.

In za ku zo, kada ku yi irin wautata ku sako takalmin yawo, ciyawar duk laka ce. Ku taho da shayinku a fulas, na ba da kusan fam huɗu a kofi guda, ko madarar kirki babu. Bari in lallaɓa, ga wata barewa can ta kafe ni da ido.