Amsoshin Tambayoyinku: Injin gurzar auduga na garin Burton

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko a yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Funtuwa, wanda ya ce ya yi shekaru yana sayen auduga. Yana cewa: "Na ji labarin wani tsohon injin gurza a Amurka da manoma Jamusawa suka kafa, wai har yau yana tashi. Ina gaskiyar maganar?"

To Malam, magana gaskiya ce. Injin yana Burton, wani ɗan ƙaramin gari a gundumar Washington ta jihar Texas, kusa da Brenham. Garin ya bunƙasa ne da zuwan layin dogo, kuma akasarin waɗanda suka cika shi Jamusawa ne 'yan ci-rani da zuriyarsu, masu ƙananan gonaki, waɗanda auduga ce kuɗinsu na shekara. A 1913 wasu daga cikinsu suka haɗa hannun jari suka kafa ƙungiya, a 1914 masana'antar ta fara gurza. Abin da ya fi burge mu shi ne masu noman ne masu injin. Wanda ya san yadda ake cutar manomi wajen awo ya san darajar a ce sikelin naka ne. Mu kuwa a nan, injunan farko na Zariya da Funtuwa da Gusau na BCGA ne, wato ƙungiyar Ingila mai bunƙasa noman auduga, manomi iyakarsa ya kai kaɗa kasuwa ya karɓi kuɗi.

Da injin tururi suka fara. A 1925 suka sauya shi da injin mai na kamfanin Bessemer, mai ƙarfin doki 125, nauyinsa tan 16, wanda mutanen garin ke kira Lady B. Shi kaɗai ke juya dogon shaf, wato sandan ƙarfe mai juyawa, daga shaf ɗin kuma bel-bel ke kai ƙarfi ga kowace na'ura.

Wasiƙa ta biyu daga wata malama ce a Maraɗi. Ta ce ta taso tana ganin kakarta na gurza da ƙarfe a kan dutse, tana so ta ji yadda inji ke raba kaɗa da angurya.

Malama, ga yadda abin yake a Burton a wancan zamani. Manomi zai zo da keken alfadarai cike da auduga, a auna shi da kaya, bayan an sauke a sake auna shi wayam. Ba da hannu ake saukewa ba. Akwai wani faffaɗan bututu da ke reto daga sama, ma'aikaci na yawo da bakinsa a kan audugar, fanka na zuƙe ta zuwa ciki. Wannan tsari na tura auduga da iska daga na'ura zuwa na'ura, Robert Munger, mutumin Texas, shi ya fito da shi a shekarun 1880. Daga nan sai ta bi ta na'urorin da ke kakkaɓe ganye da ɓawo da ƙasa, ta sauka kan injunan gurza.

A Burton injunan gurzar guda biyar ne, ƙirar kamfanin Lummus, kowanne da zarto 80. Zartunan nan zagayayyu ne kamar faifai, an jera su a kan sanda ɗaya, kowanne na juyawa ta tsakanin ƙarafa biyu masu kama da haƙarƙari. Haƙorin zarto zai cafki kaɗar ya ja ta ta cikin tsagar, ita kuwa angurya ta fi ƙarfin tsagar, sai ta zube ƙasa, wani ƙarfe mai murɗe-murɗe ya tura ta ɗakinta. A bayan zartunan ana cire kaɗar daga haƙora, a wasu injunan da buroshi, a wasu da iska mai ƙarfi. Sai a tara ta a danna cikin akwatin matsi. Akwatunan biyu ne a kan abin da ke juyawa, ana cika ɗaya ana matse ɗaya. A naɗe da algarara, a ɗaure da ƙarafa.

Lissafin kuma: audugar gona kimanin kilo 680 ke ba da dila ɗaya mai kilo 227. Kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan. Fiye da rabin nauyin angurya ce, saura datti. Sau da yawa da anguryar manomi ke biyan ladan gurza, a sayar wa masu tatsar mai.

Wani makanike daga Gusau ya tambaya: me ya fi ɓata aiki a irin wannan inji?

Na farko danshi. Audugar da aka tsinka da raɓa, ko ruwa ya taɓa ta, tana cushewa a tsakanin ƙarafan, ta fito a dunƙule kamar igiya, darajarta ta faɗi. In kuma ta bushe ƙayau, zarto na tsinka gashin, ya gajarce. Abin da ake so ruwan jikinta ya tsaya wajen kashi 6 zuwa 7 cikin 100. Haƙorin da ya lanƙwashe, ko zarton da ya kauce yana gugar ƙarfe, shi ma yana yanka gashi yana fasa angurya, don haka kafin kaka ake wasa haƙora ana daidaita tsaga.

Amma babban abin tsoro wuta ce. Tsakuwa ɗaya, ko ƙusa, ko ashanar da ta faɗo daga aljihun mai tsinka, in ta haɗu da zarto sai tartsatsi, ga iska na gudu a bututu cike da ƙurar kaɗa. Mafi muni shi ne a matse wutar a cikin dila ba a sani ba. Tana iya kwana da kwanaki tana ci a ciki ba hayaƙi, sai ta ɓullo a sito. Shi ya sa dilar da ake zargi ake fitar da ita fili, nesa da sauran, a sa mata ido. Kuma kada a kuskura a sa hannu a cire cushe zarto na juyawa. Masu gurza da dama sun rasa hannu ta nan.

Malam na Funtuwa ya ƙara da tambayar ko har yanzu ana kasuwanci da shi. A'a. An yi gurzar ƙarshe ta kasuwa a 1974, lokacin da noman auduga ya koma yammacin Texas, gonakin yankin suka zama makiyayar shanu. Daga 1986 mutanen garin suka tashi gyara shi, aka tayar da Lady B, wurin ya zama gidan tarihi. Kowace shekara a watan Afrilu ana bikin da ake tayar da injin a gurza auduga a gaban jama'a.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.