MP3 ko Opus: wane ya fi daɗin sauti in an matse fayil?

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato. Yau gwaji za mu yi. Ga karatu na minti biyu da munka ɗauka a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, na buɗe shi cikin Audacity, manhajar gyaran sauti. Zan fitar da shi kala uku na matse sauti, MP3, AAC da Opus, duk a 32 kbps (yawan datar da sauti ke ci a daƙiƙa), mono, wato layin sauti ɗaya, tunda murya ɗaya ce. Bari in... a'a, 128 ne wanga, na manta ban canza ba. Yauwa, 32.

Ku sa iyafis, kar ku saurara da sifikar waya, ba za ku ji bambanci ba.

Ga MP3. Kun ji? Kamar malam shina magana cikin randa. Ku kasa kunne wurin "s" da "sh", nan ne asirin kowace inkoda, wato manhajar da ke matse sauti, ke tonuwa. MP3 tun 1993 yake, ba a yi shi don matsi irin wanga ba, sai ya yanke saman sauti ya zubar. AAC ɗin ya ɗan fi shi, amma na manhajar FFmpeg ne, irin na gama-gari da ake ce ma LC. Irin AAC da ake yabo a ƙaramin kbps shi ne HE-AAC, ba shi ne nan ba.

To ga Opus. Tsaf! Shi ne WhatsApp ke amfani da shi a saƙon murya, an daidaita shi a 2012. Awa guda a 32 megabait 14 da ɗan kai ne, a 128 kuwa kusan 58. Ka ga data ta huta.

Amma wurin nan ku tsaya ku ji, don ni ya taɓa ci na. Kar ka ɗauki MP3 ka juya shi Opus. Abin da anka zubar ya zube, ƙara zubarwa ma za ka yi. Koma wa WAV ɗinka, kullum WAV. Sannan kashe fanka lokacin ɗauka, na san zafin garin nan, ka daure; ƙarar fanka da janareta na cinye rabon murya cikin datar.

Wani azumi na zuba wa wani dattijo tafsiri duka a Opus, ina jin kaina gwani. Washegari ga shi da rediyonsa mai memori: "Yaro, mi ka sa mini? Shiru kake ji." Ashe MP3 kawai rediyon ke karantawa. Tun ranan, in na memori ne MP3 nake yi a 64 mono, in na waya ne Opus. Mai son a gyara mai tsohon kaset kuma, shagonmu na buɗe bayan La'asar.